Sha-ka-fashe da tsawon yara: ƙiba ce ko girma?

Mai Kemis: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga likitocinmu. Abin da ake yawan nema a shago yanzu shi ne deksametazon, 'yan ƙananan ƙwayoyin nan da mata ke kira sha-ka-fashe. Da can 'yan mata masu shirin aure ne ke saye, yanzu kuwa har iyaye ke nema wa yara, wai yaro ba ya cin abinci, ba ya girma. Ni dai ba na bayarwa sai da takardar likita, amma sai a ce mini ai ɗan wance ya sha, ga shi can ya yi ɓul-ɓul. Shin maganin nan yana sa yaro girma ko kuwa? Ina neman abin da zan riƙa faɗa musu wanda ya wuce "likita ya hana".

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Na kasa kunne. 'Yata mai shekara 6 tana kan firedinisolon saboda ciwon ƙoda, irin mai kumbura jiki da sa fitsari kumfa. Kumatu sun cika, ga ci ba ƙaƙƙautawa, amma ƙanwarta ta kusa kamo ta a tsawo.

Ɗan Aji Uku: Bari in fara kafin manya su shigo, tunda kwanan nan muka karanta. A saman kowace ƙoda akwai 'yar ƙaramar gaɓa da ake kira adirinal. Ɓawonta na waje yana fitar da homon, wato sinadaran da ke kai saƙo ta jini, iri uku: aldosteron mai kula da gishirin jiki, kotizol, da wasu masu dangantaka da homon ɗin maza. Deksametazon da firedinisolon kwaikwayon kotizol ne da aka haɗa a masana'anta, irinsu ake kira sitiroyid. Shi kuma kotizol ba da ra'ayin kansa yake fita ba. Wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus yana sakin wani homon mai suna CRH, shi ya taso fitutari, 'yar gaɓar da ke ƙarƙashinsa, ta saki wani mai suna ACTH, ACTH ya bi jini ya je ya taso adirinal. Idan kotizol ya yi yawa sai ya koma ƙwaƙwalwa ya rage CRH da ACTH. Homon ɗin girma ma daga fitutarin nan yake fitowa, kuma kotizol yana danne shi. Saboda haka amsar ita ce a'a, maƙiyin girma ne kai tsaye.

Malamin Fiziyoloji: Ɗalibi, ka yi ƙoƙari, amma da a jarrabawata ka rubuta jimlarka ta ƙarshe da rabin maki za ka samu. Ɗauki lafiyayyen mutum ka ba shi deksametazon sau ɗaya, ka auna jininsa bayan kamar awa uku: homon ɗin girma hawa zai yi, ba sauka ba. Ɗebo ƙwayoyin halittar fitutari ka reno su a ɗakin gwaji, ka zuba musu kotizol: za su ƙara ƙera homon ɗin girma, su kuma ƙara yawan wuraren da ke karɓar saƙon GHRH, homon ɗin haifotalamus mai ba da umarnin sakin homon ɗin girma. Cire wa ɓera adirinal ɗinsa duka biyu: CRH da wani homon mai suna basofiresin za su cika haifotalamus saboda babu mai tsawata musu, amma fitutarinsa za ta yi sanyi wajen amsa GHRH, har sai an mayar masa da abin da aka raba shi da shi. A mutane ma an ga masu ƙarancin kotizol da homon ɗin girmansu ya ƙi motsi a gwaji, da aka ba su haidurokotizon, wato kotizol na magani, ya dawo daidai. To ina ƙiyayyar kai tsaye a nan?

Ɗan Birni: Yauwa! Kun ji ko? Malam da kansa ya ce yana ɗaga homon ɗin girma. Dama na san likitoci tsoratar da mutane kawai suke yi.

Malamin Fiziyoloji: Ɗan Birni, kada ka sa mini magana a baki. Cewa na yi sau ɗaya, bayan awa uku. Ka jira in ƙarasa.

Fitutari nauyinta kimanin rabin giram ne, kuma wajen sakin homon ɗin girma umarni biyu take karɓa daga haifotalamus, kamar totur da birki a mota. Totur shi ne GHRH, birki shi ne somatostatin. Dukansu feftayid ne, wato gajerun sarƙoƙin amino asid: somatostatin guda 14, GHRH guda 44, shi kuwa homon ɗin girman kansa 191. Ba kwarara yake yi a jini kullum ba, fitowa yake a tsittsinke, kuma mafi yawansa cikin barci mai nauyi na farkon dare, daidai lokacin da kotizol ya sauka ƙasa ƙwarai. Kotizol da asuba yake hawa, ya kai ƙololuwa wajen tashi daga barci. Allah ya tsara su ne kowa da lokacinsa.

Yanzu kawo deksametazon. Ƙarfinsa ya ninka na kotizol kusan sau 25 zuwa 30: miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 5 na firedinisolon, daidai da miligiram 20 na haidurokotizon. Kuma aikinsa a jiki yana kai awa 36 zuwa sama. Wanda ke shan sa kullum babu sauran dare da rana a wajensa, jikinsa kullum cikin kotizol mai yawa yake. Idan aka yi makonni a haka, somatostatin ke rinjaye, fitowar nan ta dare ta ƙanƙance. Ɗan kotizol ɗin da jiki ke yi wajibi ne ga girma, mai yawa na tsawon lokaci kuma shi ke tsayar da shi.

Likitar Yara: Sannunku, yanzu na fito daga ɗakin marasa lafiya. Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai malaman fiziyoloji komai ƙwaƙwalwa suke kai shi. Mu da muke auna yaran da awo a bango mun fi ganin ɓarnar a ƙashi. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi, nan ne tsawo ke fitowa. Homon ɗin girma yana sa hanta da shi kansa guringuntsin su yi wani sinadari mai suna IGF-1, shi ke sa ƙwayoyin wurin su hayayyafa. Sitiroyid yana zuwa wurin kai tsaye ya rage hayayyafar, ya toshe musu jin IGF-1, ya rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa, ya ƙara wanda ke fita a fitsari. Sau da yawa za ka auna IGF-1 a jinin yaron ka same shi daidai, amma yaro ya tsaya cak.

Mai Kemis, ga abin da za ka faɗa musu. Yaro mai ƙiba ta cin abinci yawanci dogo ne a cikin sa'anninsa. Yaron da nauyinsa ke hawa tsawonsa ya tsaya, wannan mu alamar ciwo muke ɗaukarsa, ita ce babbar alamar cutar Kushin, wato yawan kotizol a jiki, a yara. Abin da uwar ke gani tana murna kitse ne a fuska da ciki da ƙeya, da ruwa da gishiri da jiki ya riƙe. Tsokar cinya da ta damtse raguwa take yi. A ce ta duba ƙafafun yaron, ba kumatunsa ba.

Malamin Fiziyoloji: Dakta, ban musa miki zancen ƙashi ba. Amma akwai hujja a ɓangarena. Amino asid ɗin nan ajinin yana rage somatostatin. An gwada a manya da suka daɗe a kan sitiroyid: GHRH shi kaɗai bai tashi homon ɗin girmansu sosai ba, da aka haɗa da ajinin ya tashi. Da matsalar a ƙashi kawai take, me zai sa sassauta somatostatin ya canza wani abu?

Likitar Yara: Ya canza adadin da ke cikin jini, Malam. Ni santimita nake nema. Yaran da aka yi wa allurar homon ɗin girma alhali suna kan sitiroyid mai yawa, suna ɗan motsawa, amma gwargwadon yawan sitiroyid ɗin gwargwadon raunin amsar. Ka tsallake ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ka zuba homon a jini, duk da haka ƙashi yana jan ƙafa.

Anti Nas: Ku biyun nan in aka bar ku sai gari ya waye. Maman Ummi fa tana jira.

Likitar Yara: Gaskiyarki, Sista. Maman Ummi, abu na farko: kada ki kuskura ki dakatar da maganin saboda abin da kika karanta a nan. A ciwon 'yarki firedinisolon ne ke hana furotin zuba a fitsari, kuma ciwon kansa idan aka bar shi ya fi maganin cin girman yaro, ban da haɗarin da ke cikinsa. Yadda aka saba, ana ba da shi kullum na mako huɗu zuwa shida, sannan a koma yau a sha gobe a huta, a hankali a janye. Hikimar tsallake rana ita ce a ba ƙwaƙwalwa da ƙashi damar numfasawa. Shan sa da safe ma dalili ɗaya ne, don ya dace da lokacin da jiki ya saba da kotizol, dare kuma ya zama na homon ɗin girma. Yara da yawa idan aka janye maganin suna rama tsawon da suka rasa, muddin guringuntsin bai rufe ba, kuma shekara 6 akwai sauran lokaci sosai. Ki roƙi a riƙa auna tsawonta duk zuwa asibiti a rubuta a kati. Idan ciwon yana yawan dawowa har ana maimaita maganin, ki tambayi likitanta zancen magungunan da ke rage buƙatar sitiroyid, akwai su.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri, Dakta. Wallahi har na fara tunanin rage mata da kaina. To shi wannan cin fa? Tana gama tuwo ta ce yunwa.

Malamin Fiziyoloji: Wannan kam Dakta ba za ta ƙwace mini shi ba, ƙwaƙwalwa ce. A haifotalamus akwai wani feftayid mai suna NPY, amino asid 36, wanda aka gano a Suwidin a 1982. Yana cikin mafi ƙarfin abubuwan da ke tayar da yunwa. Sitiroyid yana ƙara shi. CRH kuma rage ci yake yi, ga shi maganin ya danne shi. An ƙara mai sa ci, an rage mai hana ci. Yarinyar ba kwaɗayi take yi ba, Hajiya, da gaske yunwar take ji. A rage mata gishiri da kayan zaƙi da lemon kwalba, a ƙara wake da ganye.

Ɗan Aji Uku: Malam, ƙarin bayani kan tarihin, don na ga abin ya ba ni sha'awa. Somatostatin a 1973 aka gano shi a ɗakin binciken Roger Guillemin a Amurka, alhali abin da ke tayar da homon ɗin girma suke nema, sai suka ci karo da mai hana shi. Guillemin da Andrew Schally sun samu kyautar Nobel a 1977 kan homon ɗin haifotalamus, ɗaya yana aiki da ƙwaƙwalen tumaki ɗaya da na aladu, dubbai a kan dubbai. Wylie Vale ya fitar da CRH a 1981, amino asid 41. GHRH kuwa sai 1982, kuma ba daga ƙwaƙwalwa aka fara samo shi ba, daga wani ƙari da ya tsiro a fankiriyas, gaɓar da ke cikin ciki, na wasu marasa lafiya ne da hannuwansu da muƙamuƙinsu ke ta girma. Sai 1999 Kojima da Kangawa a Jafan suka gano girelin a tumbi, shi ma yana tayar da homon ɗin girma da yunwa.

Ɗan Birni: Duk wannan tarihi ne. Ni tambayata, in maganin nan mugu ne haka, me ya sa lokacin korona duniya ta yi ta yabonsa?

Anti Nas: Wa ya ce mugu ne? Binciken da Jami'ar Oksfod ta jagoranta a 2020 miligiram 6 aka bayar a rana, kwana goma iyaka, ga waɗanda ke kwance ana sa musu iskar oksijin ko suna kan na'urar numfashi. Mace-macen masu na'urar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Waɗanda ba sa buƙatar oksijin bai amfane su ba. Mu a ɗakin haihuwa ma muna yi wa mai naƙudar bakwaini allurarsa don huhun jariri ya nuna. Wannan daban, budurwa ta yi wata huɗu tana haɗiya don ta cika atamfa daban. Muna ganinsu: nankarwa ja a ciki da cinya, ƙuraje, suga ya hau, jini ya hau, al'ada ta rikice, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Sau da yawa ma haɗa musu ake yi da sifiroheftadin, maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki, a ƙulla a leda babu suna.

Likitan Dabbobi: Masu kiwon ragunan layya ma suna yi. Rago ya kumbura a kasuwa, mai saye ya kai gida ya saɓe. Kuma a sani, allurar nan ga saniya ko tunkiya mai tsohon ciki tana iya sa ta zubar ko ta haihu kafin lokaci. Abin da Sista ta faɗa na huhun jariri ma daga tumaki aka gano shi, Graham Liggins a Niyu Zilan, sannan shi da Ross Howie suka gwada a mata suka wallafa a 1972.

Likitar Yara: Akwai abin da ya fi tsawo tayar mini da hankali, kuma Mai Kemis kai ya fi shafa. Wanda ya wuce mako uku yana sha kullum, CRH da ACTH nasa sun kwanta, adirinal ɗinsa ta daina aiki har ta fara shanyewa. Ranar da kuɗi suka ƙare ko biki ya wuce ya daina shan maganin rana ɗaya, babu kotizol na waje babu na ciki. Sai amai, kasala, jiri, jini ya faɗi, suga ya faɗi. In zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da wannan ana iya rasa rai. Farfaɗowar adirinal takan ɗauki watanni. Don haka wadda ta zo ta ce ta daɗe tana sha, kada ka ce "daina yau". Ka tura ta asibiti a janye mata a hankali, kuma ta faɗa wa likita gaskiyar abin da take sha.

Mai Kemis: Wannan shi ne ban taɓa kawowa a raina ba. Na gode, ranki ya daɗe.

Baban Sadiƙ: Dakta, ni ɗana asma gare shi, an ba shi abin shaƙa na sitiroyid mai ruwan ƙasa a ce kullum safe da yamma. Kakarsa ta ce zai hana shi tsawo. Yanzu na karanta wannan duk jikina ya yi sanyi.

Likitar Yara: Kwantar da hankalinka, Malam. An bi wannan da awo. Wani babban bincike a Amurka da Kanada ya bi yara masu asma tun suna ƙanana har suka girma, aka wallafa a 2012: waɗanda suka yi shekaru suna shaƙar wani sitiroyid mai suna budesonayid sun gaza sauran da kimanin santimita 1.2, kuma a shekarun farko aka rasa shi, bai ci gaba da ƙaruwa ba. Ka auna wannan da yaron da ke kwana zaune yana neman numfashi, ana kai shi asibiti ana ba shi firedinisolon na haɗiya sau da yawa a shekara. Ka gaya wa Hajiya Kaka ta bar shi ya shaƙa, ya riƙa kurkure baki bayan nan.

Malama Firamare: Ni ba magani ya dame ni ba. Na ji ana cewa kotizol homon ɗin damuwa ne. A ajina akwai yaran da suka gudo daga ƙauyuka saboda 'yan bindiga, ƙanana ƙwarai a kan shekarunsu. Tsoro kaɗai zai iya tsumburar da yaro?

Malamin Fiziyoloji: Zai iya, Malama, kuma an rubuta shi tun da daɗewa. Elsie Widdowson ta auna yara a gidajen marayu biyu a Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, ta wallafa a 1951. An ƙara wa gida ɗaya burodi da wasu abubuwa, amma aka yi rashin sa'a daidai lokacin aka mayar da wata mai kula mai tsananin faɗa can. Yaran da aka ƙara wa abinci suka koma baya wajen ƙara nauyi, na gidan da ta bari suka wuce su. A 1967 kuma Powell da Brasel da Blizzard a Amurka suka ba da rahoton yara 13 da gwaji ya nuna kamar fitutarinsu ba ta aiki. Da aka raba su da gidajen da ake musguna musu, suka fara tsawo ba tare da an ba su homon ba. CRH da kansa yana taso somatostatin, ga kuma barcin da ba ya nauyi, alhali a nan homon ɗin ke fita.

Likitar Yara: Na yarda, amma Malama kada a tafi da wannan a manta da tukunya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma sun haura rabi. Mafi yawa rashin abinci mai gina jiki ne da gudawa da zazzaɓi da tsutsar ciki. Abin mamaki, yaro mai tamowa homon ɗin girmansa sama yake, kotizol ma sama, IGF-1 ne ke ƙasa, don hanta ta ƙi amsawa tunda babu kayan gini. Irin wannan yaron ne fa ake saya wa sha-ka-fashe. Garkuwar jikinsa dama ta yi rauni, a zo a ƙara danne ta, in akwai tibi a ɓoye ya samu hanya. Yaranki su fara da awo da maganin tsutsa da abinci, sannan a nema musu kwanciyar hankali gwargwadon iko.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Nan ma 'yan tebur suna sayar da ƙwayoyin a kasuwa. Amma ni man shafawa nake tambaya, irin na bilicin. Wasu mata har jarirai suke shafa wa wai su yi haske. Shi ma yana kaiwa ƙwaƙwalwa ne, ko a fata yake tsayawa?

Likitar Yara: Yana kaiwa, Malam. Da yawansu akwai kulobetasol ko betametazon a ciki, kuma kulobetasol yana sahun mafi ƙarfi a duk sitiroyid na shafawa. Fatar jariri siririya ce, kuma faɗinta in aka gwada da nauyinsa ya fi na babba, saboda haka abin da ke shiga jininsa ya fi yawa. Wurin da famfas ya rufe ya fi ko'ina tsotsa saboda ɗumi da laima. An sha ganin jarirai da cikakkiyar cutar Kushin daga man da ake shafa musu a wurin kawai: fuska ta kumbura, tsawo ya tsaya, ACTH ya kwanta. Uwar da ta daɗe tana shafa wa ɗanta ta ɗauki bututun man ta tafi da shi asibiti tare da yaron, don likita ya karanta abin da ke ciki kafin a san yadda za a janye.